Katakon Totur

Ƙusa huɗu ne ke riƙe da guntun katakon a kan totur ɗin motar tsere. Baban yarinyar da ke tuƙa motar, bakanike, shi ya buga shi da hannunsa, saboda ƙafarta ba ta kaiwa. Yau kuwa, a gabanta, shi ɗin ne durƙushe yana ɓamɓare shi, ya ƙi ɗago kai.

"Na yau kaɗai ne, 'yata," in ji mai motar, yana shafa tumbi. "Yarona ya matsa mini sai ya gwada. Ba shi hularki da rigarki."

"Ranka ya daɗe, ai sunana aka kira a lasifika."

"Shi ya sa! Tun da kika fara tsere filin nan ke cika da mata da yara. Kowa ke ya zo gani. In an sauke gilashin hular kwano, wa ya san na ciki? Ke dai kada a gan ki."

Ta dubi Baba. A garejin mutumin nan yake cin abinci. Ya miƙo mata katakon kamar mai miƙa gaisuwar mutuwa.

Yaron ya cusa kai cikin jar hularta, ya yatsine fuska. "Kai, wannan ai sai ƙamshin man kitso!"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta saje cikin 'yan kallo a bakin shingen waya, daidai kwanar da ta fi sani. A nan ake sassauta ƙafa tun daga nesa. Da motar ta taho, da kunne ta ji yaron bai sassauta ba. Ƙafarta ta danna ƙasa tana neman birki.

Motar ta yi katantanwa, ta afka cikin tarin tayoyi. Injin ya mutu.

"Ai na faɗa," wani dattijo ya ce da na kusa da shi. "Tuƙin mata ke nan. Kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi."

"Ƙarya ne, za ta tashi!" Wata 'yar yarinya ce a kafaɗar ubanta, ta kifa jar robar cin abinci a ka, ta ɗaure da igiya a haɓa. Ta taɓo ta da yatsan ƙafa. "Anti, matsa mana, kin tare mini ita."

Ta matsa. Can ƙasa ma'aikata sun nufi motar a guje, na ciki ya riƙe hular gam da hannu biyu.

Ta rungume katakon a ƙarƙashin mayafi, ta sulale ta bayan rumfar masu sayar da ruwa. Ba wanda ya waiwayo.