Layi Uku na Baba Ya'akubu

In dai maganar inji ce, Injiniya Ya'akubu na unguwar Lamisula sai ya wuni yana zuba. Amma a ce ya yabi mutum, bakinsa a ɗinke yake. Da dalili kuwa. Shekara goma sha biyu ke nan, ranar walimar gama karatun ɗansa Nuraddeen, ya miƙe cikin jama'a ya yabi yaron har muryarsa ta dushe. Ba a rufa mako ba mota ta kashe Nuraddeen a hanyar Damaturu. Tsohon ya ce kambun baka ne, kuma bakinsa ne ya kama ɗansa. Tun daga nan bai ƙara yabon wanda yake ƙauna ba.

To, sai ga Uwais, ɗalibinsa na ƙarshe a jami'a, maraya daga Dala. Shi ya haɗa na'urar busar da kifi da zafin rana, kifi ya bushe tas, ba ƙuda ba tsutsa. Wani kamfanin sarrafa abinci a Kaduna na neman injiniya ɗaya a sashen bincike, suka ce malaminsa ya aiko musu da shaida a kansa.

"Baba, kai kaɗai ka san wahalar da na sha a kan na'urar nan," in ji Uwais.

"Je ka, zan rubuta."

Ya rubuta kuwa, shafi huɗu cur. Da ya karanta sai ya fasa aikawa. Ya tura su cikin durowa, ya sake rubuta wata takarda mai layi uku: ya san yaron, yana da ladabi, ba a taɓa kawo ƙararsa ba.

Matarsa Ya Falmata ta leƙa ta gani. "Haba Malam! Aikin gadi yaron nan yake nema?"

"Kin manta Nura?" ya ce. Ta koma madafa, shi kuwa ya aika mai layi ukun.

Bayan mako uku Uwais ya zo da hantsi, ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma.

"Sun ɗauki wani, Baba. Wadda ta yi mini tambayoyi ta ce malamina bai ambaci na'urar ba ko sau ɗaya, shi ya sa suka ɗauka ba aikina ba ne." Ya sunkuyar da kai. "In aikin ne bai yi ba, ka faɗa mini in gyara."

Tsohon ya tashi da ƙyar, ya buɗe durowa, ya miƙa masa shafi huɗun. Uwais ya karanta a hankali, ya kai ƙarshe, ya sake komawa farko.

"Me ya hana ka aika wannan, Baba?"

"So nake ka rayu, ɗana."

Uwais ya ninke takardar, ya sa a aljihun gaba. Akwai janareta da ke jiran gyaransa a unguwar Ajilari. Sai da ya sa takalmi sannan ya juyo.

"To ga ni a raye, Baba."