Ranar Zuba Ruwa

A can ƙasan ginin ma'aikatar tsare-tsare, bayan ɗakin janareta, akwai wani dogon ɗaki mai taga ɗaya tak, ita ma can kusa da silin. A nan Mai Garuruwa yake aiki. 'Yan ofis ne suka laƙaba masa sunan, ya kuma bi shi, domin duk abin da manya suka tsara a hawa na sama, shi ake sauko wa da shi ya ƙera a kan tebur, don a gani da ido kafin a taɓa ƙasa. Su ce titi, ya yanko kwali. Su ce daji, ya tsoma soso a koren fenti. Masana'anta kuwa, kafin shayinka ya huce ya tsayar maka da ita, har da hayaƙin auduga a bakin bututu. A gida dai ba mai kiransa da wannan suna. A gida shi Auta ne, ko da yake furfura ta fara keto masa gemu.

Aikin bana madatsar ruwa ce, uwar ayyukan sabon tsarin raya ƙasa. Za a tare kogi tsakanin tuddai biyu, a ja magudanai su ratsa fako, mutanen da ke naɗe hannu duk rani su samu abin nomawa. Kuma wallahi Auta ya yarda da aikin nan har zuciyarsa. Ya san yunwar bazara, ba labari aka ba shi ba. Shi ya sa da rana ta take, hasken tagar ya faɗo kan teburin, garin katako yana yawo a cikinsa a hankali, sai ya durƙusa ya daidaita idonsa da bakin gonakin soso. Nan da nan ɗakin zai ɓace. Sai ya gan shi yana tafiya a kan kunya, ruwa yana bin sawunsa, shinkafa tana kaɗawa hagu da dama, samarin da suka watsu birni neman abin yi sun dawo suna kiran juna daga nesa. Har sanyin laka yakan ji a tafin ƙafarsa, kuma fa yana sanye da takalmi.

Matsala ɗaya ce, ba kuwa ƙarama ba. Kwarin da ruwan zai kwanta a ciki, garin su Auta ne.

Su masu wannan sana'a, ƙa'idarsu ita ce ba a ɓata lokaci kan abin da ruwa zai rufe. A goge wurin, a shafa fenti, in an gama komai a kwararo ruwan roba mai shuɗi, ya daskare kamar gilashi, shi ke nan. Auta ya fi kowa sanin haka. Amma ka ji mutum, da ya zo kan kwarin sai hannunsa ya ƙi. Ya ce bari ya ɗan sa rijiya don ya gane tsakiya. Rijiya ta jawo tsamiya, tsamiya ta jawo rumfar mahauta, kafin ya farga gari ya tashi cif, gida bayan gida, da danninsa na tsinken tsintsiya.

Darakta ya sauko duba aiki, ya tsaya a kan kwarin ya daɗe. Ba mugun mutum ba ne, gajiyayye ne kawai.

"Mai Garuruwa, wa ya sa ka wannan wahala?"

"Hannu ne ya zarce, Yallaɓai."

"To hannun ya ƙara shuɗi a ruwan, kada a hango komai. Masu ba da tallafi za su zo ganin gonaki ne, ba makoki ba. Yau nake so a zuba, ka san sai ya kwana biyu kafin ya bushe."

Auta ya ce to. Ya dama shuɗin a bokiti, ya ajiye maganin daskarwa a gefe, ya fita ɗauko mahaifiyarsa daga asibitin ido.

Inna ta shigo birni tun bayan girbi, a kan a cire mata yanar ido. An yi na hagu ya warke rabi da rabi, yanzu na dama ne a rufe da auduga. Tana nan kwance a ɗakin jikokinta aka yi taron gari, aka auna filaye, aka nuna wa kowa sabon matsuguni a kan tudu. Yayansa ya buga waya ya ce, "Kai da kake aiki da su, kai za ka gaya mata." Auta ya ce sai an yi aikin ido. Aka yi. Ya ce ai likita ya hana ta kuka. Matarsa ta dube shi ta ce, "Likita ya hana ta kuka, ko kai ka hana kanka magana? Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi." Gaskiya ta faɗa, tsoro yake ji. Inna kuwa kullum da safe sai ta laluba ƙullin irin da ta zo da shi, ta tambaya ko hadari ya fara haɗuwa a gabas, don ita kafin ruwan farko tana gida.

Da suka fito asibiti ya so ya kai ta gida ya dawo, ta ce ina! "Shekara nawa ana ce mini kana aikin gwamnati, ban taɓa ganin inda kake zama ba. Ko shara kake musu ne kake ɓoyewa?" Haka ya riƙo hannunta suka sauka matakala, tana ƙorafin wane irin ofis ne wannan da ake shiga kamar rami.

Ya zaunar da ita a kujera nesa da teburin. Ya juya ɗauko mata ruwan sha, ya waiwayo, Inna ta riga ta tashi. Ita da ba ta iya ganin tsinke ta bar shi! Tana tsaye a bakin teburin, idon hagun ba ya ba ta komai sai hazo mai launi, don haka ta miƙa hannu.

"Kayan wasan yara suke biyanka ka yi?"

"Samfuri ne, Inna."

"Samfurin me?"

Yatsunta suka sauka kan tudu, suka gangaro, suka faɗa wani ɗan kwarmi mai lanƙwasa. Suka bi shi. Inda ya karkata suka karkata, inda ya rabu biyu suka tsaya cak. Fankar silin tana juyawa a kasalance, janareta yana gunji ta bayan bango kamar daga wata duniya.

"Auta," ta ce a hankali, "wannan ai rafinmu ne."

Daga nan ba ta ƙara bi ta kansa ba. Yatsa biyu ta tsayar kamar ƙafafu, ta haura daga mashaya ta kama hanyar gari. Ta tsaya a rijiya. Ta shafa kan tsamiya, ta yi dariya. Ta wuce gidan maƙeri tana cewa, "Sannunku da aiki," ta leƙa gidan ungozoma ta ce, "Kina ciki kuwa?" Shi kuma Auta, yana tsaye da kofi a hannu, sai ya ga ɗakin ya buɗe. Ga Inna can da tulu a ka, ba furfura, ba auduga a ido, shi yana biye yana riƙe da gefen zanenta, awaki suna ratsa su, wani yana daka a nesa. Daɗi ya kama shi, baƙin ciki ya kama shi, ya rasa wanne zai saki.

"Rumbun nan ba nan yake ba yanzu," in ji ta. "Yayanka ya mai da shi bayan ɗaki tun shekarar gara. Da kana zuwa gida da ka sani, ɗan birni."

Ta ci gaba, ta fita ta ƙofar yamma, ta bi rafin zuwa inda tuddai suka matse shi. Nan hannunta ya yi karo da wani abu mai santsi, dogo, wanda ba ta san shi ba. Ta shafa shi daga wannan tudu zuwa wancan.

"Wannan katangar fa, ta wa?"

"Madatsa ce, Inna. Za a tare ruwa, a yi noman rani."

Ta ɗora tafin hannunta a saman katangar, a shimfiɗe, sannan ta jawo shi baya a hankali ba tare da ta sauke ba. Hannun ya bi ta saman mashaya, ya bi ta saman rijiya. Ko kan tsamiya bai taɓa shi ba. Ya tsaya a iska, inuwarsa ta rufe garin gaba ɗaya.

"Har nan zai kawo?"

"Har nan."

"Mutanen gari sun sani?"

"Sun sani. An ba kowa wuri a kan tudu."

"Yayanka?"

"Ya sani."

"Matarka ma?"

Ya sunkuyar da kai, kamar tana ganinsa.

"Sai ni," ta ce. "Ni da nake ta kwance ƙulli ina ɗaurewa, kuna kallona. Kai, Auta. Ido aka rufe mini, ba hankali ba."

Wannan magana ta fi masa mari zafi. Ya fara kame-kame, likita ya ce kaza, shi ya ce bari kaza. Da ya ga ba ta da amfani sai ya kama hannunta ya kai shi ɗaya ɓangaren, kan gonakin soso. Ya bi da yatsanta cikin magudanai, ya nuna mata injin casa, da titin da zai kai amfani kasuwa, da makaranta, da jerin sababbin gidaje. Ya yi ta zuba kamar mai talla.

"Duk wannan koren, a rani?"

"A tsakiyar rani, Inna."

"Hm. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa." Ta ɗan matsa soson, ya lotsa ya dawo. "Amma in da gaske ne, 'ya'yan yayanka sa daina kwana a tasha. Wannan kam ba zan ƙi ba." Ta shafa sababbin gidajen ɗaya bayan ɗaya, duk kansu ɗaya. "Nan kuwa sai an ɗaura mini tsumma a ƙofa, in ba haka ba gidan mutane zan riƙa faɗawa."

Ya yi dariya, hawaye suka zubo tare da ita. Inna ba ta yi kuka ba. Ta zare hannunta daga nasa, ta koma kwarin da kanta, ba ta ɓata ko lungu ɗaya ba, har ta isa gidan da ke bayan tsamiya. Ta shafa rufin. Ta zagaya danni. Ƙaramin yatsanta ya sami bakin ɗakinta, ya shige ciki.

"Ka bar ƙofar a buɗe."

"Ai haka kike barinta, Inna."

"Ina barinta in zan dawo." Ta zaro yatsan. "Rufe mini ita."

Ya ɗauko reza, ya yanko kwali bai kai farce ba. Ya ɗiga gam, ya saita da ɗan hantsaki. Ta ce ya matsa, ita za ta riƙe. Ta danna ƙofar da kan yatsa, ta tsaya haka, leɓunanta suna motsi, har gam ya kama. Ta ɗan tura ta ji ko za ta buɗe. Ba ta buɗe ba.

"To, zuba abinka."

Ya juye maganin daskarwa a bokitin, ya gauraya, ya fara kwararawa daga gindin katanga. Shuɗin ya taho a hankali, ba ƙara, ya cika rafi, ya haura mashaya, ya shiga lunguna. Inna tana tsaye ta karkata kunne.

"Ya iso gidan?"

"Ya iso, Inna."

"Bai shiga ba dai ko?"

Ya dubi rufin yana nutsewa. "Bai shiga ba," ya ce.