Tsinken Ƙarfe a Idon Hagu

Da mai walda ya san tambayar da ke jiransa a ƙofar ɗakin hoto, da bai yi wa 'yarsa Auta alkawari ba. Amma magana zarar bunu ce. Tun a gida ya ce zai shiga da ita, zai riƙe mata ƙafa har a gama, tunda uwarta na jego, an yi mata ƙani amma sunan Auta bai bar ta ba.

Kumburi ne ya fito wa yarinyar a gefen wuya, ba zafi, ba zazzaɓi, sai girma. Likita ya ce za a yi mata allura ɗaya a ɗauki hoto iri biyu, na injin maganaɗisu da na wani injin, a haɗa su a ga ko ciwon daji ne. A ruwan allurar akwai ƙwayoyin ƙarfe da ido ba ya gani, su za su bi jini su taru a wurin, su sa ya fito sarai a hoto.

"Ƙarfe, likita? A jinin yarinya?"

"Garin ƙarfen da kake sharewa a shago ma dutse ne a kansu. Jiki zai sarrafa su."

Mai walda ya gyaɗa kai kawai, hankalinsa bai kwanta ba.

A barandar jira zama ya gagare shi. Ya tashi, ya leƙa taga, ya dawo, ya duba robar allurar da aka manna wa Auta a bayan hannu, ya sake tashi.

"Baba, ka zauna mana. Jiri kake sa ni."

Ma'aikaciyar hoto ta fito da ɗan kwandon ajiye kayan ƙarfe. Ya zuba makulli, waya da agogo, ya kwance bel.

"Baba, mece ce sana'arka?"

"Walda."

Ta ɗago kai. "Tsinken ƙarfe ya taɓa shiga idonka?"

Ya taɓa, a wajen wasa ƙarfe. Maƙwabcinsa ya cire masa da auduga, amma har yau idon kan yi suka. Ya buɗe baki zai ce a'a, Auta ta riga shi.

"Na hagu ne, Anti. Shi yake ƙanƙancewa in zai yi mana faɗa."

Ma'aikaciyar ta ajiye kwandon. "To, ba za ka shiga ba. In da saura a ciki, maganaɗisun nan zai motsa shi, kana iya rasa idon."

"Biyu gare ni, 'yata. Ɗaya ya isa walda."

"Ko goma ne, Baba."

"Ku da hannunku kun ɗura mata ƙarfe, ni kuma ƙarfe ya hana ni shiga?"

"Nata an yi shi don injin ne. Naka ba a san girmansa ba."

Sai lokacin Auta ta gane abin da bakinta ya jawo. Ta cafke rigarsa. "Ka ce fa za ka riƙe ni."

Ya lalubi aljihu, babu komai sai hankicinsa mai ƙunar tartsatsi. Ma'aikaciyar ta karɓa ta kakkaɓe, ta dudduba, sannan ta miƙo masa. Ya durƙusa ya ɗaura wa Auta a idon sawu, ya ƙulle tamau.

"Ya yi tsauri, Baba."

"Haka zan riƙe ai."

Ƙofa ta rufe. Can sai injin ya soma bugu, gam-gam-gam, kamar guduma a kan farantin ƙarfe. Bai taɓa jin tsoron wannan ƙara ba sai yau. Ya kai bangon nan, ya kai wancan, yana murza idon hagu.

Da Auta ta fito idanunta sun yi ja, amma ba ta kwance hankicin ba. Aka tura ta a keken marasa lafiya zuwa ɗakin inji na biyu, yana bin keken da bel ɗinsa a hannu.

Ƙwayoyin ƙarfen sun isa wuyanta. Ko daji ne ko ba shi ba ne, ba wanda ya sani tukuna.