Kumfa a Kan Siminti

A bayan gidanmu, can ƙasan dutsen Usambara, akwai wani kududdufi da ruwan sama ke cikawa. Reshen ɓaure ya sunkuyo a kansa. Tun ina saurayi kwaɗin bishiya ke hawa reshen nan da farkon damina, su yi ta kaɗa ƙafafu har kumfa ta tashi fara tas, su zuba ƙwai a ciki. Idan 'ya'yan sun ƙyanƙyashe sai su zubo ɗaya-ɗaya cikin ruwa. Mutanen ƙauye suna cewa yawun maciji ne. Ni dai na taɓa leƙawa, na ga ƙananan idanu suna kallona.

Bara surukina Kihiyo ya cike kududdufin da ƙasa, ya shafe da siminti don shanyar kanumfari. Ba mugun mutum ba ne, bakunan da yake ciyarwa ne suka yi masa yawa. Kwaɗin kuwa ba wanda ya sanar da su. Ruwan fari na sauka suka dawo reshensu, suka rataye kumfa a kan busasshen siminti.

Na roƙi 'yata Mwanahawa babban kwanon wanki in cika da ruwa in ajiye a ƙarƙashin reshen. Ta ce agwagi za su cinye 'ya'yan kwaɗin kafin in juya baya, kuma gaskiyarta ce. Kihiyo ya yi dariya ya ce, "Baba, jikokinka na gida ba su ishe ka ba?"

Sai na tuna da wani tafki a cikin kurmi, inda rana ba ta taɓa ƙasa. Da safe na sare reshen a hankali, na saɓa shi a kafaɗa, kumfar tana lilo a bayana. Matan da ke dawowa daga rafi suka kauce mini hanya, wata tana tambaya ko maciji na yi wa aure nake kai gara. Na wuce abina. Tafiya nake ina tunanin ko 'ya'yan kwaɗin ma suna mafarkin ruwa a cikin farin ɗakin nan nasu, tunda ba su taɓa ganinsa ba.

Gwiwoyina sun tsufa, hanyar kuma duk hawa ce. Rana ta take. Na ji wani abu mai sanyi yana ɗiga a bayan rigata, na ɗauka gumi ne.

Da na isa bakin tafkin na sauke reshen. Gindin kumfar ya tsage, cikinta fayau. Jijjigar tafiya ce ta sa 'ya'yan suka zaci lokaci ya yi, suka yi ta faɗowa da zaton akwai ruwa a ƙasa. Na koma da baya ina duba hanya. Ga su nan a ƙura, baƙaƙe ƙanana, tururuwa har ta fara jan su.

A naɗin rigata na sami guda ɗaya yana motsi da ƙyar. Na ɗora shi a ganye, na koma na sa shi a ruwa. Ya nutse a hankali, bai kaɗa wutsiya ba. Na zauna a kan saiwa ina jira, har ruwan ya kwanta.