Askin Tsaye

Shekara ashirin da biyu Sifana da Guntu suna zagaya madatsar ruwan bayan gari a kan keke duk safiyar Asabar. Sifana mai gyaran keke ne, dogo mai faɗin kafaɗa, sunan kuma ya bi shi ne don ba a taɓa ganinsa babu sifana mai lamba goma a aljihun gaba ba. Guntu mai aski ne, shi kam ba sai an faɗi dalilin sunansa ba. In sun dawo daga zagaye, Sifana ya haye kujerar aski a gyara masa kai, ana yi ana musu a kan wanda ya fara haki a hawan gada. Tun da matar Guntu ta rasu, Asabar ɗin nan ce kaɗai take fitar da shi daga tsakanin shago da ɗaki, Sifana kuwa ya san haka sarai.

Sai ciwo ya zo wa Sifana a inda ba ya faɗuwa. Wani zafi ne a matse-matsinsa, daidai wurin da mutum yake ɗora nauyinsa in ya zauna, kamar an ajiye masa garwashi a kan kujera. In ya miƙe tsaye ya lafa, in ya kwanta ya yi sauƙi, da ya zauna sai ya dawo sabo. Da safe lafiya lau, kafin la'asar ya fara neman abin jingina.

Da yake mai gyara ne, bai zargi jikinsa ba, sirdi ya zarga. Ya cire na kekensa ya sa wani, ya sake cirewa, har sirdi biyar. Ya naɗa soso mai kauri ya ɗaure da roba, ya hau ya gwada, abin ya ƙaru. Daga nan sai ya koma kan abin da ya fi sani. A sana'arsa, duk abin da ya fara girgiɗi ko ƙara, noti ne ya kwance, ɗaure shi ake yi. Don haka ya yanke wa kansa hukunci cewa jikinsa ne ya yi lako-lako. Kullum da safe ya kwanta a tsakar gida yana ɗago ƙirji har sau hamsin, ya yi tsallen kwaɗo, ya tsuguna ya miƙe da wani tsohon ƙarfen mota a kafaɗa. Ya ciji haƙori ya yi ta maza sati uku. A ƙarshensu ko cin abinci a tsaye yake yi, yana riƙe da kwano kamar baƙon da ba a yi wa tayin kujera ba.

Asabar ta farko ya buga wa Guntu waya ya ce aiki ya yi masa yawa. Ta biyu ya ce dangin matarsa sun zo. Ta uku mura. Ta huɗu ko dalili bai samu ba, ya bar wayar tana ta ruri a kan teburin aiki har ta gaji. Ba keken kaɗai ya gagare shi ba, kujerar askin ma ta gagara, don mai tauri ce, Guntu kuma ba ya aski ƙasa da rabin awa saboda surutu. Yaya zai dubi mutumin da suka tsufa tare ya ce masa ga inda yake yi masa ciwo? Kunya ta yi masa nauyi a baki.

Suma ta taru har ta fara turo hula. Matarsa ta gaji da gani, ta sa shi ya durƙusa a tsakar gida, ta ɗauko almakashin ɗinkinta ta sassabe abin da ta iya.

"Baban yara," ta ce tana karkaɗe masa wuya, "askin nan na yi, amma maganin ba ni da shi. Gobe ƙafata ƙafarka sai asibiti."

"Ke dai bari, zai wuce."

"Wata biyu kana cewa zai wuce. Ni ce nake kallon yadda kake cin abinci."

Likita ya yi gwaje-gwajensa, ya ce babu ƙwayar cuta, babu ƙari, wata jijiya ce da ta ratsa ƙasan ƙugu ta harzuƙa. Ya rubuta magani, ya tura shi wurin likitan gashin ƙashi, mai kula da motsa jiki. Shi wannan bai ce masa ya zauna ba, ya tsaya tare da shi a bakin taga, abin da ya sa Sifana ya ji mutumin ya kwanta masa a rai tun kafin ya buɗe baki.

"Malam, me ka yi wa ciwon zuwa yanzu?"

Sifana ya lissafa masa sirdi biyar, da soso, da tsallen kwaɗo, da ƙarfen mota. Yana faɗa yana ɗan jin daɗin kansa.

Likitan ya yi murmushi. "Ka ce gyaran keke kake yi. In ka ɗaure birki ya wuce kima, me yake faruwa?"

"Ya kama taya, ya yi ta cin roba."

"To haka naman da ke kewaye da jijiyar nan ya yi. A ɗaure yake tamau, kai kuma kullum kana ƙara masa. Sassautawa yake so."

Ya kwantar da shi a kan katifar ɗakin, ya sa ya ɗora tafin hannu a cibiya, ya ja numfashi a hankali har ciki ya taso, ya sake shi ba tare da ya matse komai ba. Ya nuna masa yadda zai jawo gwiwoyi zuwa ƙirji a hankali, ya tsaya tun kafin ya ji ja mai zafi. Ya ce keke a jingine shi tukuna, tsuguno da nauyi da ɗago ƙirji duk a bar su. Tafiya a ƙafa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, minti ashirin, goma zuwa goma dawowa. In ya samu wurin iyo, ya shiga ruwa a hankali, ban da iyon da ake ware ƙafafu. In dole sai ya zauna, ya sa matashi mai rami a tsakiya.

"Sannan ga ma'auninka," in ji shi. "Ba ranar da ka yi motsi za ka duba ba, washegari za ka duba. In ka tashi ciwon ya fi na jiya, ka wuce gona, ka rage. In bai ƙaru ba har sati guda, ƙara minti biyu."

"Minti biyu? Likita, ni fa madatsa nake zagayewa."

"Na sani. Shi ya sa nake jin tsoronka."

"Keken fa? Zan sake hawa?"

"Ban sani ba, Malam, ba zan yi maka ƙarya ba. Wasu suna komawa, wasu ba sa komawa. Amma ƙarfin jikinka ba sai a kan sirdi za ka riƙe shi ba."

Sifana ya bi umarni, duk da ransa bai so ba. Ya yanke tsohon soson nan ya huda tsakiyarsa ya yi matashi. Ya rataye keken da yake gyarawa a igiya don ya yi aiki a tsaye. Da safe ya yi tafiyarsa ta bayan layi, yana kauce wa titin shagon aski. Bayan sati biyu garwashin ya fara zama toka mai ɗumi. Bai mutu ba, amma ana iya zama da shi minti goma.

Wata safiya ya sha kwana sai ga Guntu, riƙe da tawul ɗin shago da ya karɓo daga wanki. Suka gaisa kamar maƙwabtan da ba su saba ba. Guntu bai dubi fuskarsa ba, kansa yake kallo, don Sifana ya fito babu hula. Ya bi layin ƙeya da ido, ya bi bayan kunne.

"Wa ya yi maka wannan?"

Sifana ya shafa kai.

"Ashe sabon mai aski ka samu," in ji Guntu a hankali. "Ai da ka faɗa mini. Allah ya sa alheri." Ya gyara riƙon tawul ya wuce.

Maganar ta soki Sifana fiye da ciwon. Sai a lokacin ya gane cewa duk wata biyun nan da yake ɓoye abin kunyarsa, mutumin can yana zaune shi kaɗai yana lalube ko wane laifi ya yi. Ya ji tausayinsa, ya ji haushin kansa.

Ranar Asabar ya isa shagon tun ana ɗaga ƙyaure. Keken Guntu yana jingine a bango, an goge shi, tayoyin sun sha iska. Sifana ya tsaya a tsakiyar shagon, ya kafe idonsa a kan kwalbar man gashi, ya faɗi komai tun daga sirdi na farko har zuwa almakashin matarsa. Ya faɗi wurin da sunansa. Bai taɓa jin muryarsa ta yi ƙanƙanta haka ba.



"Wato a kan wurin zama ka yar da ni wata biyu?" in ji Guntu. "Kai, mutumina! Ni da nake ganin ƙurajen ƙeyar mutane tun da safe har dare, me za ka faɗa mini in ruga? Duk Asabar sai na hura tayoyin nan, in ce yau dai zai zo." Ya juya baya ya yi kamar yana neman wani abu a durowa, ya daɗe bai juyo ba.

Da ya juyo, ya ture kujerar gefe da ƙafa, ya jawo akwatin kwalaben lemo daga ƙarƙashin benci, ya kife shi, ya hau. Da ƙyar kansa ya zo daidai da na Sifana.

"Tsaya nan. Kar ka motsa, in na faɗo kai za ka kai ni wurin likitan naka."

Ya yafa masa ƙyalle, ya kunna injin aski. Yana yi yana sauka ya matsar da akwatin ya sake hawa, yana zagin aikin almakashi, yana cewa a gaya wa maman yara ta tsaya a kan ɗinkinta. Sifana ya yi dariya har sai da aka daka masa tsawa.

Da aka gama, Guntu ya shigar da kekensa cikin shago ya ja ƙyaure.

"Minti nawa aka ba ka?"

"Ashirin da biyu yanzu. Sha ɗaya zuwa, sha ɗaya dawowa."

"Kawo agogon, ban yarda da kai ba."

Suka kama hanyar madatsa a ƙafa, Sifana yana rage taku don Guntu ya cim masa. Ruwan ya fara bayyana tsakanin bishiyoyi, gadar da suke musu a kanta tana can gaba kaɗan, sai Guntu ya dubi agogo ya tsaya cak.

"Juya."

"Haba, ga gada can, ko minti uku ba za mu yi ba."

"Gadar ba ta zuwa ko'ina. Sati mai zuwa nake so ka zo, da na bayansa." Ya kama hannun rigarsa ya juya shi. Sifana ya waiga sau ɗaya, sannan ya bi shi suka koma.