Ku Kama Ni

Jabiru ya isa ƙarƙashin wata gada a Jidda tun kafin azahar, da 'yar jakarsa a hammata. Nan marasa iƙama, wato takardar izinin zama, kan taru idan suna son a kama su a mayar da su gida. Da asuba ƙanwarsa Mairo ta bugo daga Gusau: mahaifiyarsu Inno ta daina cin abinci, sunansa kawai take kira. Fasfonsa ya daɗe da mutuwa, babu jirgin da zai ɗauke shi sai na waɗanda aka kora.

Shekara ashirin da shida yana Jidda ba a taɓa tare shi ba, kuma wani tsohon fim baƙi da fari ne ya yi masa wannan rana. Yana saurayi ya gan shi a silima. Wani mai malafa ya kashe mijin farkarsa, 'yan sanda suka bazu nemansa cikin ruwan sama. Gogan bai taɓa gudu ba, sai ma ya tsaya gaban ɗan sanda ya roƙi ashana. Jabiru ya manta ƙarshen fim ɗin, amma wannan ya haddace shi kamar karatun allo. Kullum jallabiya fara a goge, tafiya a natse, ga Larabcin tsohuwar unguwar Balad da ya tsinta a shagon turaren da yake tsaro. Har alfahari yake yi da hakan, bawan Allah.

Bayan la'asar motar 'yan sanda ta zo. Mutane suka ruga suna turereniya, kowa na son a fara kama shi. Jabiru ya so ya ruga, ƙafafunsa suka ƙi. Ya tako a hankali, kai a sama, yadda ya saba.

Wani ɗan sanda ya tare shi, ya tambaye shi da Larabci, "Baffa, wa ka rako?"

"Ni ne mai tafiyar. Ba ni da iƙama, ɗana. Ku kama ni."

Ɗan sandan ya dubi jallabiyar, ya yi dariya. "Da wannan harshen? Kakana ma haka yake magana. Bar wasa, baffa."

"Wallahi da umara na shigo! Mahaifiyata na bakin mutuwa!"

"Allah ya ba ta lafiya. To ka je ka zauna kusa da ita mana."

Tsoro ya kama Jabiru. Ya yi ƙoƙarin karya Larabcinsa irin na sabon zuwa, amma kalmomin suka fito sumul. Kafin ya lalubo mataccen fasfon a ƙasan jaka, motar ta cika an rufe ƙofa.

"Halas, yalla," in ji ɗan sandan, ya dafa kafaɗarsa cikin ladabi, ya tsallakar da shi titi.

Yana tsaye a can wayarsa ta yi ƙara.

"Yaya, ga Inno ta farka," in ji Mairo. "Tana tambaya ko ka taso."

Jabiru ya bi motar da kallo har ta sha kwana.

"Ce mata ina hanya."