Bandejin Saje Mika'ilu

A layinsu na barikin Shadawanka, kowa ya san ranar Babbar Sallah ranar Saje Mika'ilu ce. Da an sauko daga idi, sai ya naɗe hannun riga ya bi ƙofa-ƙofa yana yanka wa maƙwabta ragunansu. Hannunsa na da sauri, ba ya wahalar da dabba. Har Kiristocin layin fitowa suke yi kallo, tunda su ma rabonsu na nan tafe.

To, bana Saje ya dawo daga bakin daga ba ko ƙwarzane, jama'a suka yi ta zuwa barka. Matarsa Sauda ce kaɗai ta san irin mutumin da aka dawo mata da shi. Barci ya ƙaurace masa, hira babu, murfin tukunya ya faɗi sai ya zabura. Ranar da ta miƙa masa kaza ya yanka, tsayawa ya yi yana kallon wuƙar, gumi na tsiyaya, har kazar ta kuɓuce ta yi gabanta. Sauda ba ta faɗa wa kowa ba, ko uwar da ta haife ta.

Da Sallah ta matso, sai Sauda ta shiga tunani. In ya riƙe wuƙa a gaban jama'a hannunsa ya kama rawa fa? Bariki ne fa! Kafin a gama fiɗar ragon, labari ya kai har unguwar Yelwa cewa Saje ya taɓu, 'yarsu Fati ta tashi ana nuna ta da baki. Abin da take tsoro ke nan, tsoro mai tsanani.

Sai ta yi dabara irin ta mai son rufin asiri. Da safiyar Sallah ta ɗauko bandeji ta ce, "Baban Fati, kawo hannunka."

Ya dube ta, ya gane, ya miƙa mata. Ta naɗe masa hannun dama tam, sai ka ce ɗan dambe, har da ɗiga jan magani don abin ya karɓu.

Bayan idi maƙwabta suka taru a ƙofar, kowa riƙe da igiyar ragonsa. Da ganin hannun aka shiga sannu da jaje. Sauda daga bakin ƙofa ta ce ƙyaure ne ya datse shi. Abu ya so ya tafi daidai, sai ga maƙwabciyarsu Juliana, wadda aikin nas take yi, ta zo barka da Sallah. Ita kuwa ba ta iya ganin ciwo ta wuce.

"Kai, Oga! Wa ya yi maka wannan ɗauri? Dubi yatsunka sun kumbura. Kawo in gyara."

"Bar shi, Maman Bulus, an riga an duba," in ji Sauda da sauri.

"An duba a ina? Jini ba ya wucewa fa."

Saje ya dubi ragon da aka kayar a gabansa, ya dubi mutanen. Sai ya sa haƙori ya ja ƙullin, ya warware bandejin da kansa. Hannu fes, ba ciwo ba tabo, sai karkarwa da yake yi kowa na gani.

Ya ce, "Kada ku ga laifinta, asirina take rufawa. Hannuna ƙalau yake. Ni ne ba ni da lafiya. Tun da na dawo ba na iya ganin jini. Ku nemi mai yanka."

Sauda ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, ga kunya, ga haushinsa. Duk wahalar da ta sha, ya zo ya zubar a bainar jama'a!

Baba Ɗanlarai, tsohon soja mai sayar da shayi a bakin ƙofar bariki, shi ya karɓi wuƙar. "Shiga ciki, Saje. Layya niyya ce, ba a ce dole sai da hannunka ba." Ya yi bisimilla, aka ci gaba da Sallah.

Saje na shiga, Kofur Ladan, wanda suka dawo tare, ya saki igiyar ragonsa ya bi shi. Sauda na tsakar gida ta ji shi ta taga, murya ƙasa-ƙasa: "Oga, wallahi ni ma ba na barci. Na ɗauka ni kaɗai ne." Suka daɗe a ɗakin. Rabon da ta ji muryar mijinta ta yi tsawo haka har ta manta.

Da la'asar Sauda ta zuba nama a kwano, ba ta aiki kowa ba, ta kai wa Juliana da kanta. Ta ajiye, ta ƙi tafiya, tana murza bakin mayafi.

"Maman Bulus, a wurin aikinku akwai likitan irin wannan ciwon?"

"Akwai, Maman Fati."

"To ki yi mana hanya bayan Sallah. Su biyu ne."